Ƙungiyar Matan Barcelona: Amsoshin Tambayoyin da Ake Yawan Yi a Gidajen Kallo na Legas

A gidajen kallon ƙwallo na Agege da Idi-Araba da Mile 12, musun Barcelona da Real Madrid ba ya ƙarewa. Amma tun da Asisat Oshoala, 'yar Ikorodu, ta sa rigar Barcelona, sai musun ya sami sabon reshe, wato ƙungiyar mata. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda aka fi maimaitawa a teburin mai shayi da bakin shago da zaurukan WhatsApp na 'yan ƙwallo. Ƙididdigar kofuna duk ta tsaya ne a ƙarshen kakar 2024/2025.

Ƙungiyar matan Barcelona daban take da ta maza, ko duk abu ɗaya ne?

Gida ɗaya ne. Shugaba ɗaya, tambari ɗaya, riga mai shuɗi da ja iri ɗaya, kuma filin atisayensu ɗaya ne a wajen birnin Barcelona. Abin da ya bambanta shi ne koci da 'yan wasa da gasar da ake bugawa. Matan suna buga babbar gasar matan Sifaniya, wadda yanzu ake kira Liga F, da kofin Sarauniya, da gasar zakarun Turai ta mata. Yawancin wasanninsu na gida a filin Johan Cruyff suke yi, wanda aka buɗe a 2019, yana ɗaukar mutum kusan 6,000. Sai manyan wasanni ne ake kai su babban fili.

Yaushe aka kafa ta? Wasu na cewa 1970, wasu na cewa 2002.

Kowa da gaskiyarsa. A 1970 wata matashiya mai suna Immaculada Cabecerán ta je wurin shugaban Barcelona na lokacin, Agustí Montal, ta ce tana so mata su ma su buga. Aka ce ta nemo 'yan wasa, ta nemo ta hanyar sanarwa a jarida. Ranar 25 ga Disamba 1970 suka fito a Camp Nou, babban filin Barcelona, suka kara da wata ƙungiya mai suna Centelles, tsohon golan Barcelona Antoni Ramallets na matsayin kocinsu. Wasan ya tashi babu ci, suka yi nasara a bugun fenareti.

Sai dai ranar ba a bar su sun sa rigar Barcelona ba, fararen riguna suka sa, babu tambari. Haka aka yi shekaru ana tafiya, ƙungiyar tana raɓe da gidan amma ba 'yar gida ba ce, ana ba ta aron fili da kayan wasa. Tana cikin waɗanda suka fara gasar ƙasa a 1988, ta kuma ci kofin Sarauniya na farko a 1994. Sai a 2002 aka shigar da ita cikin sassan Barcelona a hukumance. Saboda haka mai cewa 1970 yana maganar haihuwa ne, mai cewa 2002 yana maganar ranar da uba ya amince da 'yarsa.

To da ma can haka take da ƙarfi?

Ko kusa. Wannan ne abin da sababbin magoya baya ba su sani ba: a 2007 ƙungiyar ta faɗa rukuni na biyu. Barcelona sukutum, a daidai lokacin da mazan suke tashe da Ronaldinho da Eto'o. Koci Xavi Llorens, wanda ya karɓe ta a 2006 ya riƙe ta har 2017, shi ya dawo da ita babban rukuni a 2008, ya yi ta gini a hankali da yara 'yan yankin. A 2011 suka ci kofin Sarauniya, daga 2012 zuwa 2015 kuma suka ɗauki gasar ƙasa sau huɗu a jere.

A 2015 aka mai da 'yan wasan ƙwararru, wato ƙwallo ta zama sana'arsu mai albashi, ba abin da ake yi da yamma bayan an tashi daga aiki ko makaranta ba. Aka ba su atisayen safe, da likitoci, da masu kula da abinci da motsa jiki. Abin mamaki, daga nan ne kofin gasar ƙasa ya guje musu har shekara huɗu. Athletic Bilbao ta ɗauka a 2016, Atlético Madrid ta ɗauka a 2017 da 2018 da 2019. Da a wani wurin ne, da tuni an ce kuɗin ya tafi a banza an rufe famfo. Su kuwa suka ƙara zubawa, suka sayo irin su Lieke Martens 'yar Holan a 2017. A ganina wannan haƙurin na shekara huɗu shi ne ainihin labarin ƙungiyar, ya fi duk kofunan da suka biyo baya muhimmanci.

Me ya faru a wasan ƙarshe na 2019 da ake yawan ambato?

Ranar 18 ga Mayu 2019 a Budapest, babban birnin Hungari, Barcelona ta fara buga wasan ƙarshe na gasar zakarun Turai, ta haɗu da Lyon ta Faransa. Kafin a cika minti 30 an zura mata huɗu. Dzsenifer Marozsán ta buɗe, Ada Hegerberg 'yar Norwe ta ci uku rigis. Ba dabara Lyon ta fi su kawai ba, ta fi su ƙarfi da gudu da numfashi, kowa ya ga haka. A minti na 89 Asisat Oshoala, wadda ta shigo daga benci, ta rama ɗaya, aka tashi 4-1. Wannan ita ce ƙwallon farko da Barcelona ta taɓa ci a wasan ƙarshe na gasar, kuma ƙwallon farko da wata 'yar Afirka ta ci a irin wannan wasa.

'Yan wasan da kocinsu na lokacin, Lluís Cortés, sun sha ba da labarin abin da ya biyo baya. Tun a filin jirgi, kafin su koma gida, manyan 'yan wasan suka same shi suka ce a ƙara musu atisaye, a ƙara nauyi, ba sa son a sake yi musu irin wannan wulaƙanci. Aka ƙara. Sakamakon yana cikin amsa ta gaba.

Kofin zakarun Turai nawa ta ci?

Uku. Na farko a 2021 a Gothenburg ta ƙasar Suwidin, inda ta lallasa Chelsea 4-0. Abin da Lyon ta yi mata shi ta yi wa Chelsea: ƙwallon farko ta shiga kafin a cika minti ɗaya da take wasa, 'yar Chelsea ce ma ta ci gidansu, kuma dukkan huɗun sun shiga kafin hutun rabin lokaci. Da wannan Barcelona ta zama ƙungiya ta farko da mazanta da matanta duk suka ci kofin zakarun Turai.

Na biyu a 2023 a Eindhoven ta Holan, kuma shi ne wanda ya fi daɗin kallo. Wolfsburg ta Jamus ta tafi hutu da ci 2-0. Da aka dawo, Patri Guijarro ta farke biyun cikin 'yan mintuna, Fridolina Rolfö ta ci ta uku, aka tashi 3-2. Na uku a 2024 a Bilbao, inda a ƙarshe suka doke Lyon 2-0, Aitana Bonmatí da Alexia Putellas suka ci.

Ta kuma sha kashi a wasan ƙarshe sau uku: 2019 da aka yi bayani a sama, 2022 a Turin inda Lyon ta sake cin ta 3-1, da 2025 a Lisbon inda Arsenal ta ci ta 1-0 ta ƙafar Stina Blackstenius. 'Yan Arsenal na Obalende ba za su bar kowa ya manta da wannan ba.

A cikin gida fa?

Gasar ƙasa 10, shida daga ciki a jere daga 2020 zuwa 2025. Kofin Sarauniya 11. A kakar 2021/2022 ta buga wasa 30 a gasar ƙasa ta ci duka 30, ko canjaras babu. A 2023/2024 ta haɗa kofuna huɗu a kaka ɗaya. Wanda ya kuɓuce mata a 'yan shekarun nan shi ne kofin Sarauniya na 2023, kuma ba a fili aka cire ta ba, a ofis ne, saboda ta sa 'yar wasan da ke da dakatarwa a kanta.

Asisat Oshoala daga ina ta fito, kuma ta yaya ta kai Barcelona?

An haife ta a Ikorodu a 1994, Bayarabiya ce Musulma. Ta sha faɗa da bakinta cewa iyayenta ba su so ta yi ƙwallo ba da farko, karatu suka so mata. Ta taso a FC Robo ta nan Legas, ƙungiyar koci Emmanuel Osahon, daga nan ta koma Rivers Angels ta Fatakwal. Duniya ta san ta a 2014 a gasar cin kofin duniya ta 'yan ƙasa da shekara 20 a Kanada, inda ta ci ƙwallo 7, ta ɗauki kyautar wadda ta fi zura ƙwallo da ta gwarzuwar gasa, duk da cewa Jamus ta ci Najeriya 1-0 a wasan ƙarshe.

Daga nan sai Liverpool a 2015, Arsenal a 2016, sannan Dalian ta ƙasar Sin a 2017. A ƙarshen Janairu 2019 Barcelona ta ɗauko ta aro daga Sin, bayan 'yan watanni ta saye ta gaba ɗaya. Wato ta iso ne ƙasa da wata huɗu kafin wasan Budapest. Ta bar ƙungiyar a farkon 2024 zuwa Bay FC ta Amurka, inda ta ci wa sabuwar ƙungiyar ƙwallonta ta farko a gasa.

Wasu na cewa zaman benci kawai ta yi ana ba ta lambar yabo. Gaskiya ne?

Wannan magana ta 'yan adawa ce, amma tana da ɗan tushe, don haka a duba ta da kyau. Gaskiya ne a wasan ƙarshe na 2019 da na 2021 daga benci ta shigo, na 2023 kuma rauni ya hana ta bugawa. Gaskiya ne kuma salon Barcelona na gajerun fasin da riƙe ƙwallo ba shi ne salon da ta taso da shi ba. Ita mai gudu ce da ƙarfi, mai son a jefa mata ƙwallo bayan 'yan baya ta bi. Wani lokaci koci kan fi son wadda za ta sauko tsakiya ta haɗa wasa.

Amma mai zaman benci ba ya cin ƙwallo sama da 100 a shekara biyar, ita kuwa ta ci. A kakar 2021/2022, duk da raunin da ya cinye mata watanni, ta ci 20 a gasar ƙasa, ta raba kyautar wadda ta fi zura ƙwallo da Geyse 'yar Burazil. Ita ce 'yar Afirka ta farko da ta ci kofin zakarun Turai na mata, kuma ta farko da aka sa cikin jerin masu takarar Ballon d'Or, kyautar gwarzuwar 'yar ƙwallon duniya, a 2022. Daga cikin kyautar gwarzuwar Afirka shida da take da su, uku (2019, 2022, 2023) tana Barcelona ta ɗauke su.

Ban da ita, su wa ya kamata in sani?

Biyu ne a gaba. Alexia Putellas ta ci Ballon d'Or a 2021 da 2022, Aitana Bonmatí ta ci a 2023 da 2024 da 2025. Shekara biyar a jere ke nan kyautar ba ta bar gidan ba, kuma dukansu 'yan yankin Kataloniya ne, 'yan wasan tsakiya, waɗanda suka ɗanɗana makarantar ƙwallon Barcelona tun suna yara. Mai son ya gane ƙungiyar ya zuba wa Aitana ido na minti goma: kafin ƙwallo ta iso ƙafarta ta riga ta waiga hagu da dama, ta san inda za ta kai ta.

Sai Patri Guijarro da ke riƙe tsakiya, da Caroline Graham Hansen 'yar Norwe a gefen dama, da Ewa Pajor 'yar Folan da ta zo a 2024, wadda ita ce ta fara zura wa Barcelona ƙwallo a wasan ƙarshe na 2023 tana Wolfsburg. Akwai kuma yarinya Vicky López, haihuwar 2006, wadda mahaifiyarta 'yar Najeriya ce, amma Sifaniya take yi wa wasa. Da Sifaniya ta ci kofin duniya a 2023, 'yan Barcelona ne ƙashin bayan tawagar.

Da gaske ne mutum sama da dubu 91 suka shiga kallon wasan mata?

Da gaske ne, kuma sau biyu cikin wata ɗaya. Ranar 30 ga Maris 2022, mutum 91,553 suka cika Camp Nou a wasan da Barcelona ta ci Real Madrid 5-2. Ranar 22 ga Afrilu, 91,648 suka kalli yadda ta ci Wolfsburg 5-1. Kafin nan adadin da aka amince da shi a hukumance shi ne 90,185, na wasan ƙarshe na kofin duniya a 1999 tsakanin Amurka da Sin.

Masu cewa an sauƙaƙa tikiti ga mambobin ƙungiya ba su yi ƙarya ba. Amma araha kaɗai ba ta fito da mutum dubu 91 daga gida a ranar aiki. A kuma tuna cewa wasannin mako-mako a ƙaramin filin da aka ambata a amsar farko ake yin su, don haka ba kullum ake ganin wannan cikowa ba.

Ke nan ita ce ƙungiyar mata mafi girma a tarihi?

A'a, tukuna. Lyon tana da kofin zakarun Turai 8, biyar daga ciki a jere daga 2016 zuwa 2020. Barcelona tana da 3. Abin da za a iya cewa ba tare da musu ba shi ne, daga 2021 zuwa 2025 babu wasan ƙarshe da aka buga ba da Barcelona a ciki ba.

Real Madrid fa? Tana da ƙungiyar mata?

Tana da ita, amma jiya-jiya ta shigo. Ta sayi wata ƙaramar ƙungiya mai suna Tacón ta mai da ita Real Madrid a 2020. Barcelona ta yi ta cin ta a duk haɗuwa har zuwa Maris 2025, lokacin da Madrid ta fara yin nasara da ci 3-1. Idan ɗan Madrid ya kawo maka maganar kofunan zakarun Turai 15 na maza, wannan ce amsar da za ka ba shi.

Me ya sa ƙungiyoyinmu na gida ba su kai haka ba, alhali muna da 'yan wasa?

'Yan wasa kam muna da su. Super Falcons sun ci kofin Afirka sau 10, na goman a Maroko a 2025, inda aka ci su 2-0 suka farke suka ci 3-2. Kyaftin ɗinsu a wannan gasa, Rasheedat Ajibade, 'yar Legas ce, ita ma a FC Robo ta taso kafin ta tafi Norwe, daga nan Atlético Madrid. Gift Monday ma ta bi ta Robo kafin ta tafi Sifaniya. Ƙungiya ɗaya a Legas ta fitar da waɗannan duka, amma kofin gasar ƙasa yana yawo ne tsakanin Rivers Angels da Bayelsa Queens da Delta Queens da Nasarawa Amazons da Edo Queens, waɗanda duk gwamnatocin jihohi ke riƙe da su.

Nan matsalar take. Ƙungiya mai zaman kanta tana renon yarinya, da ta fara haske sai mai kuɗi ya ɗauke ta, domin ba ta da abin da za ta riƙe ta da shi. Ƙungiyar gwamnati kuma ƙarfinta yana hawa da sauka ne gwargwadon sha'awar wanda ke kan kujera. Abin da Barcelona ta yi a 2015, wanda aka yi bayani a amsa ta uku, ba sihiri ba ne: albashi a kan lokaci, fili mai kyau, likita, da shugabannin da suka jure shekara huɗu babu kofin gasar ƙasa. Kuma ta jingina ne da babbar ƙungiyar maza mai tambarin da duniya ta sani, abin da Robo ba ta da shi. A Afirka, waɗanda suka bi wannan hanya su ne suke cin gasar zakarun mata da hukumar ƙwallon Afirka, CAF, ta fara a 2021: Mamelodi Sundowns ta Afirka ta Kudu, da AS FAR ta Maroko, da TP Mazembe ta Kwango. Bayelsa Queens ta zo ta uku a 2022.

'Yata tana son ƙwallo. Dole ne sai ta cire ɗankwali ta sa gajeren wando?

Wannan tambaya iyaye mata suka fi yi, kuma amsar ta fuskar dokar wasa ita ce ba dole ba ne. Tun 2014 dokokin ƙwallon ƙafa suka amince da rufe kai, muddin abin rufewar ba shi da fil ko wani abin da zai iya jin rauni, kuma ba a haɗe yake da riga ba. A kofin duniya na 2023, Nouhaila Benzina ta Maroko ta buga da hijabinta, ita ce ta farko da ta yi haka a gasar manya. Doka ta kuma yarda a sa dogon wando mai kama jiki a ƙarƙashin gajeren, da riga mai dogon hannu a ciki, in dai launinsu ya dace da na kayan ƙungiya.

Ko ya dace 'yarka ta yi ko bai dace ba, wannan shawara ce ta gidanku da malamanku, ba ta wannan shafi ba. In kun amince, ku fara da wasannin makaranta, ku je da kanku ku ga inda ake atisaye da wanda ke koyarwa, ku tambaya ko akwai mace cikin masu kula da yaran, kuma kada karatu ya tsaya. Duk wanda ya ce ku kawo kuɗi zai kai ta Turai gwaji, ku rabu da shi. Dokar hukumar ƙwallon duniya, FIFA, ta hana sayar da ɗan wasa zuwa wata ƙasa kafin ya cika shekara 18, sai a wasu 'yan yanayi ƙalilan. Asisat kanta ta buɗe makarantar ƙwallo ta 'yan mata a nan Legas a 2022.

Ƙarfe nawa ake wasanninsu a agogon Legas, kuma a ina zan kalla?

Daga ƙarshen Oktoba zuwa ƙarshen Maris agogonmu da na Sifaniya ɗaya ne. Daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba suna gabanmu da awa ɗaya, don haka in an ce ƙarfe 6 na yamma a can, ƙarfe 5 ne a nan. Wasan ƙarshe na zakarun Turai yana zuwa ne a ƙarshen Mayu ko farkon Yuni, yawanci da yamma, ka yi lissafin La'asar da Magariba tun da wuri.

Tashar da ke nuna gasar tana canjawa daga kaka zuwa kaka. Tsakanin 2021 da 2023 kamfanin DAZN ya riƙa nuna wasannin zakarun Turai na mata kyauta a YouTube, kuma ta nan da yawa daga cikinmu suka fara ganin ƙungiyar a waya. Yanzu abin da ya fi sauƙi shi ne ka duba shafin ƙungiyar a Facebook ko Instagram kwana ɗaya kafin wasa, ka ga lokaci da tasha. Gidajen kallo kuwa ba kasafai suke tayar da janareta don wasan mata ba, sai in sun ga masu biya. Ku haɗu ku goma ku je wurin mai gidan kallon ku ce, "Alhaji, gobe akwai wasan matan Barsa, ga kuɗinmu," musamman ranar da ba ta ci karo da wasan Firimiya ba. In yana da talabijin biyu, ku nemi ta gefe.